Ƙaramin Garin da Faransanci Ya Hau Gadon Mulki

Yau za mu leƙa wani ƙaramin gari ne a Faransa mai suna Villers-Cotterêts. Yana arewa maso gabas da birnin Paris, tafiyar kilomita kusan 80, kuma mutanensa ba su fi dubu goma da 'yan kai ba. To me ya kai mu can?

A watan Agustan 1539, Sarki François na ɗaya ya sa hannu a wata doka a fadarsa da ke garin. Kafin nan, da harshen Latin ake rubuta yawancin takardun shari'a. Wato fa sai a yanke wa talaka hukunci da harshen da ba ya ji! Dokar ta ce daga yanzu da Faransanci za a riƙa rubutawa. Kashi biyu na wannan doka har yau suna aiki a Faransa.

Sai kuma maganar wani soja, Thomas-Alexandre Dumas. A ƙasar da yanzu ake kira Haiti aka haife shi a 1762, ubansa Bafaranshe, uwarsa baƙar fata kuma baiwa. Aikin soja ne ya kawo shi garin, ya auri 'yar mai masaukin baƙi a 1792, ya kai har muƙamin janar. Daga baya suka ɓata da Napoleon, ya mutu a garin cikin talauci a 1806.

Ya bar yaro da bai cika shekara huɗu ba, Alexandre Dumas, wanda aka haifa a 1802. Shi ne ya rubuta labarin zaratan sojojin nan uku na sarki, da na Monte-Cristo, wanda aka ɗaure bisa zalunci ya fito ya ɗauki fansa. Kun ga ikon Allah, jikan baiwa ya zama cikin marubutan Faransanci da aka fi karantawa a duniya. A 2002 aka ɗauke gawarsa daga garin aka kai Panthéon, inda Faransa ke binne manyanta.

Ita kuwa fadar, ta taɓa zama matattarar mabarata, sannan gidan tsofaffi. A 2023 Shugaba Macron ya buɗe ta a matsayin cibiyar harshen Faransanci.

'Yan'uwa na Nijar sun san zancen nan a jikinsu, domin harshen ne ya biyo mulkin mallaka ya mamaye kotu da ofis da makaranta. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Tambayar 1539 ce dai ta dawo: da wane harshe hukuma za ta yi wa talaka magana?

Ku faɗa mana ra'ayinku, sai mun haɗu a shiri na gaba.