Aikin gida kaya ne: a raba shi tun damana ba ta zauna ba



Damana ta kusa. Kowa na gyaran gona, ana kai taki, ana neman iri. Amma akwai aikin da ba a cika zancenshi ba, shi ne aikin cikin gida. In ruwa ya zuba, aikin gona ya kan hau bisa aikin gida, kuma yawancin kayan bisa kan mace yake sauka. In mace ta kwanta ciwo tsakar noma, gida duka ya tsaya, gona ma ta tsaya.

Yinin mace guda

Mu bi mace guda tun sahe har dare. Da asuba ta tahi rijiya. Lita guda ta ruwa kilo guda ce. Bido mai lita 25, kilo 25 ke nan. In ta yi sawu huɗu, ta ɗauki kilo 100 bisa kanta, nauyin babban buhun hatsi, tun rana ba ta yi zahi ba. Ta dawo ta yi sussuka, ta sheƙe, ta surhe, ta daka, ta dama hura, ta kai gona. Ta yi noma cikin gandu, ta leƙa gamanarta. Da marece ta komo da itace bisa kai da goyo a baya. Ga awaki, ga tuwon dare, ga yara.

In abin ya daɗe haka, sai mace ta tashi da sahe ta rasa ta inda za ta fara. Abu kaɗan ya ba ta haushi. Ta riƙa mantuwa. Ta kwanta da gajiya amma barci ya ƙi zuwa. Wasu su ce ta zama raguwa, wasu su ce ta cika faɗa. Ba haka ba ne. Kaya ne ya yi yawa. Ko amalanke, in aka yi mata lodin da ya hi ƙarhinta, karyewa take yi. Ga hanyoyi biyar na rage kayan.

1. A rubuta aikin

Ku da kuka gama karatun yaƙi da jahilci, ga inda ilminku zai yi amfani. Ku samu takarda da alƙalami. Maigida da uwargida su zauna bayan tuwon dare, su rubuta duk aikin da ake yi cikin gidan yini guda. Gaban kowane aiki a sa sunan mai yin shi. Sannan a ƙidaya. Maigida da yawa sai ranar nan zai ga abin da matarshi ke ɗauka.

Daga nan a kasa aikin kashi uku. Na farko, wanda ba ya jira: ruwan sha, abinci, yaro marar lahiya, bisashe. Na biyu, wanda ke iya kwana: wankin tuhahi, yaɓe, gyaran danga. Na uku, wanda wani zai iya karɓa. Aikin da ke cikin kai kawai, ya kan zama kamar ba shi da iyaka. Wanda aka rubuta, ana ganin farkonshi da ƙarshenshi. In an gama kashin farko, yini bai ɓaci ba, ko da sauran sun kwana.

2. A rage aikin damana tun rani

Wasu ayyuka ba su san lokaci ba, ana iya yin su tun yanzu. A tara itace da kara wuri mai ruhi, inda ruwa ba ya jiƙa su. A daka kuka da busasshiyar kuɓewa. A tanadi daddawa da gishiri. A yi sussukar hatsin kwanaki da yawa gaba ɗaya, a zuba cikin buhu wuri busasshe. Gari dai kar a tara da yawa, don garin hatsi bai daɗewa yake canza ɗanɗano.

3. A raba kaya

Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Muna gayya a gona. Mi zai hana a yi ta cikin gida? Maƙwabta uku ko huɗu su haɗa turmi: yau a yi ma wannan sussuka, gobe a yi ma waccan. Tsohuwar da ba ta zuwa gona ta riƙe ƙananan yara, a saka mata da ruwa da itace.

Maigida, kai ma da naka rabo. In kana da amalanken jaki, tano guda mai lita 200 daidai yake da bido takwas. Sawu guda naka ya hutar da ita sawu takwas. In za ka taso daga gona, ka ɗoro itace. Ba abin kunya ba ne, gidanka ka gyara. Samari ma su ɗebo ruwa, su yi ma bisashe ciyawa. Kar a juye kayan duka bisa ɗiya mace har a hana ta zuwa lakkwal. In an yi haka ba a rage kaya ba, an dai sauya mashi kai.

4. A nemi abin da ke kawo sauƙi

Murhun duwatsu uku na cin itace, don iska na kwashe wuta. Murhun zamani, ko na laka da ake kira Albarka, ko na ƙarhe da ake kira Mai Sauƙi, yana tsare wuta ƙarƙashin tukunya. Itace kaɗan ya isa, zuwa daji ya ragu.

Sassaben zamani ma na taimako. Tun shekarun 1980 manoman ƙasar Maraɗi suka fara barin tohon sabara, da kalgo, da gawo cikin gonaki, suna yi masu aski maimakon su tumɓuke su. Rassan da aka sare su ne itacen girki, kusa da gida.

Injin niƙa na son kuɗi. A nan asusu ke da rana. A shekarar 1991 aka kafa ƙungiyoyin Mata Masu Dubara cikin ƙasar Maraɗi, daga baya suka bazu cikin Nijar. Kowane mako mata na zuba abin da suka yi shawara cikin akwati, mai bukata ta ɗauki bashi ta yi ƴar sana'a. Ribar na biyan niƙa lokacin da aiki ya yi tsanani. Ranar taro kuma mace na samun waɗanda za ta faɗa ma damuwarta. Wannan ma magani ne.

5. A san lokacin zuwa likita

Ba kowace gajiya ce ta aiki ba. In mace na jin jiri, tana haki daga ƴar tahiya, cikin idonta da tahin hannunta sun yi fari, wataƙila rashin jini ne. Ya hi kama masu ciki da masu goyo. Ta je awo, ta sha maganin ƙarin jinin da za a ba ta, ta ci wake, da ganyen zogale, da hanta in da hali. Mai tsohon ciki kuma a ɗauke mata manyan kaya.

In kuma baƙin ciki ya zauna mata ya wuce mako biyu, tana kuka ba dalili, ba ta son abinci, ba ta son magana, musamman bayan haihuwa, kar a ce mata ta yi haƙuri kawai. A raka ta likita. Maigida ma, in tunanin cimaka da bashi ya hana shi barci, ya faɗa ma ɗan uwan da ya yarda da shi.

ƴan uwa, ku karanta ma waɗanda ba su iya karatu ba wannan takarda. Ku yi shawara bisa kanta wurin sauraren rediyo da wurin taron asusu. Kowane gida ya zaɓi aiki guda da zai ɗauke ma uwargida kahin shibka. Guda kawai, amma a riƙe shi har kaka.

Allah ya ba mu damana mai albarka, ya ba mu lahiyar cin abin da muka noma.