Me ya sa kaya mai tsada ke yin kwantai? Daga motar tsere zuwa ragon Layya

A shirinmu na kasuwa na makon jiya, wani mai sauraro da ke turka raguna a wajen Gashiga ya aiko da tambaya. Ya ce bara ya kai raguna biyar kasuwa ana saura kwana goma Babbar Sallah. Huɗu matsakaita sun tafi tun kasuwar farko. Shi kuwa babban, wanda ya fi kashe wa kuɗi, kowa ya zo sai ya shafa bayansa, ya ce masha Allah, ya yi gaba. Har aka sauko daga idi ragon na ɗaure a turke. Ya ce a gaya masa yadda aka yi wanda ya fi kyau shi ne ya rasa mai saye. Ga abin da aka tattauna, mun rubuta shi domin wanda bai samu saurare ba.

Ɗan'uwa, wannan abu ba kai kaɗai ya taɓa samu ba. Ya samu kamfanin da ya ƙera Hilux ɗin da ke ɗaukar buhunanka, wato Toyota. Bari mu fara da labarinsu, sannan mu dawo kara.

Motar da aka yi shekara goma ana ƙerawa

Toyota na da wani reshe mai suna Lexus, wanda ke ƙera motocin masu hannu da shuni. A wajen shekarar 2000 suka fara aikin wata motar tsere da suka sa wa suna LFA. Suna cikin aiki suka ajiye ƙarfen alminiyon da suka fara da shi, suka koma wani zare na kabon mara nauyi, irin wanda ake yin jikin jirgin sama da shi. Injinta kuwa da Yamaha suka haɗa hannu suka yi, silinda goma gare shi, alhali Hilux mai shan gas huɗu gare ta. Tana iya gudun kilomita 325 a awa ɗaya. Daga Garwa zuwa Ngaundere kusan kilomita 280 ne, ka ga da hanya za ta yarda, ba za ta cika awa ɗaya ba. Kujera biyu kacal ke cikinta.

An fara ƙera ta a Japan a ƙarshen 2010, aka tsaya a ƙarshen 2012, guda 500 ba ƙari. Kuɗinta a Amurka dala 375,000, wajen sefa miliyan 180 ke nan a canjin wancan lokaci. Masanan mota sun yabe ta ƙwarai. To amma ka ji abin mamaki: a 2017, shekara biyar bayan an daina ƙera ta, akwai guda goma sha biyu sababbi dal a hannun dilolin Amurka, ba a sayar ba. Wasu dilolin da gangan suka riƙe tasu don ado, amma duk da haka, mota 500 a duniya baki ɗaya ta ɗauki shekaru kafin ta ƙare.

Honda ma ta ɗanɗana. A 2016 ta fito da sabuwar motar tserenta mai suna NSX, a kan dala 156,000 zuwa sama. Ciniki ya yi sanyi, har aka riƙa yi wa masu saye ragin dubban daloli. A 2022 aka daina ƙera ta, jimillar da aka yi bai kai 3,000 ba.

Motocin nan ba su da aibi. Abin da ya kwantar da su shi ne ya kwantar da ragon malamin Gashiga, kuma abu uku ne.

Na farko: masu saye nawa ne?

Ka tsaya bakin kasuwar Pitowa ranar Lahadi ka dubi jama'a. Masu iya sayen akuya ba su ƙirguwa. Masu iya sayen matsakaicin rago sun ragu. Masu iya sayen ƙaton Balami wanda ya kai kuɗin maraƙi, ƙila ka ƙirga su da yatsun hannu. Kowane tsani ka hau na farashi, jama'a na zubewa a baya. Masu kallo kuwa ƙaruwa suke yi, shi ya sa babban rago ke tara mutane, mai shi ya ɗauka kasuwa ce ta buɗe. Yabo ba tayi ba ne. Mutum ɗari sun ce masha Allah, in babu ɗaya da kuɗin ke aljihunsa, ragon gida zai koma.

Doki ma haka yake. Ingarman da ya dace da hawan Sallah a fadar Lamiɗon Garwa, ko Demsa, ko Rey Buba, ya fi jaki daraja nesa ba kusa ba. Amma ka kai su kasuwa tare, jakin zai riga shi tafiya, domin masu neman abin ɗaukar ruwa da itace sun fi masu neman abin hawa yawa.

Na biyu: me mai kuɗin zai iya saya in ya bar naka?

Lokacin da LFA ta fito, Nissan na sayar da wata motar tsere mai suna GT-R a kan kuɗin da bai kai kashi ɗaya cikin huɗu na kuɗin LFA ba, kuma a gudu ba a bar ta a baya da nisa ba. Shi kuma wanda bai damu da tsada ba, sunan Ferrari ko Lamborghini yake so a gani a ƙofar gidansa. Lexus da Honda an san su da motar zuwa aiki mai ƙarko. Sai motocin nan biyu suka tsaya a tsakiya: mai lissafi ya ga akwai mai araha, mai son suna ya ga akwai mai suna.

Haka mai gida ke lissafi ana gobe Sallah. Kuɗin ƙaton ragonka zai saya masa matsakaita biyu, ɗaya nasa, ɗaya na mahaifiyarsa. Ko kuma su haɗu su bakwai su yanka sa, tunda shari'a ta yarda. Shi kuma attajirin da ke son rago na nunawa, yawanci yana da wanda ke turka masa tun watanni da suka wuce. Bai cika zuwa kara yana zagaye ba.

Shekara goma da Toyota ta yi tana wahala, mai saye bai biya ta ba. Kai ma wata huɗun da ka yi kana tashi da asuba kana jiƙa dusa, mai saye ba ya sa su a lissafi. Abin da ke gabansa yake dubawa, da abin da ke turken maƙwabcinka.

Na uku: ina kake sayarwa?

Ka taɓa tambayar kanka me ya sa manyan alhazan Garwa, masu halin sayen kowace irin mota, ba ka ganin su da motar tsere? Cikinta a ƙasa yake, rami ɗaya a hanyar Marwa ya ishe ta. Man zuwa-zuwa na kwalba ba ya yi mata. In ta lalace babu bakaniken da ya san ta, kayan gyara sai daga Turai ko Japan. Shi ya sa kuɗinsu ke tafiya ga Land Cruiser da Prado da Hilux, waɗanda ke shiga daji da damina, kuma duk ranar da aka so rabuwa da su akwai mai saye a Yola ko Njamena. Hausawa suka ce sayen nagari mayar da kuɗi gida. Gaskiya ne, amma nagari shi ne wanda wurin da kake ya san amfaninsa.

Dabba ma kowace da kasuwarta. Ƙaton bijimin da mahaucin ƙauye ba zai iya ƙarar da namansa a yini ɗaya ba, wurinsa Adumri ne ko Ngong, inda 'yan kasuwar da ke lodi zuwa Najeriya ko kudancin Kamaru ke zuwa. In ka tsaya da shi a ƙaramar kasuwa, tayin wulaƙanci za ka yi ta ji.

Mota ba ta cin dusa

Yanzu ga inda ya kamata ka buɗe kunne. Labarin LFA bai ƙare da hasara ba. Bayan shekaru kuɗinta ya tashi, har wasu samfurinta na musamman suka haura dala miliyan ɗaya a gwanjo. Wani zai ji haka ya ce, to ai ni ma in riƙe ragona, wata rana zai yi daraja. A'a, malam. Guda 500 aka yi aka rufe, babu mai haifo wata. Raguna kuwa kowace shekara tumaki na haihuwa. Sannan mota in an lulluɓe ta a ɗaki ba ta neman ci, ba ta zawo, ba ta ramewa. Kuma mai ajiye ta ba da ita yake ciyar da iyali ba.

Bari mu yi lissafi a misali, kai kuma ka sa naka alƙaluman. Ka sayi rago sefa 120,000. Ka turka shi kwana 120, kullum yana cin na 700 tsakanin harawa, dusa da dusar angurya irin ta SODECOTON. Ka kashe 84,000 ke nan. Magani, kuɗin mota, kuɗin shiga kasuwa da la'adar dillali, a ce 11,000. Ragon ya tsaya maka a 215,000. Ana saura mako guda aka taya 240,000, ka ce albarka, 300,000 kake nema. Sallah ta wuce. Yanzu mai tayi mahauci ne, shi kuwa ba ƙaho ko tsayi yake saye ba, nama yake aunawa da ido. Ya ce 170,000. In ka ƙi, kowane wata ragon zai ci maka 21,000. Ribar 25,000 da ka raina ta koma hasarar 45,000, kuma jarin da ya kamata ya juya sau biyu ko uku yana ɗaure da igiya.

Ka kuma tuna da lokaci. Babbar Sallah na matsowa da kusan kwana goma sha ɗaya kowace shekara. A shekarun nan tana faɗowa tsakanin watan Yuni da ƙarshen Mayu, daidai lokacin da abincin dabba ya fi tsada bayan dogon rani, kuma manomi na neman kuɗin taki da iri. Ciyarwa ta yi tsada, aljihun mai saye ya yi sauƙi.

Canji ma na da hannu

Mu da ke bakin iyaka akwai abin da ya ƙaru mana. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta motsi. Naira kuwa an sake ta a watan Yunin 2023. Kafin nan dala ɗaya wajen naira 460 ce a farashin gwamnati, zuwa farkon 2024 ta kai wajen 1,500. Ɗan kasuwar Mubi ko Yola da ya saba zuwa sayen shanu, sai ya ɗauko naira ninki kafin ya haɗa sefar da ya saba riƙewa. Ga shi an cire tallafin mai a Najeriya ranar 29 ga Mayun 2023, zuwa-zuwa ya yi tsada, kuɗin mota ya hau. In kuɗin mai saye ya ragu, daga sama yake fara yankewa. Ya bar ƙato, ya ɗauki matsakaita. Saboda haka kafin ka yanke wa dabbarka kuɗi, ka fara tambayar 'yan canji yadda naira ta kwana. Idan kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Abin da za ka riƙe

Kada ka zuba jarinka duka a kan kai ɗaya. In za ka turka biyar, huɗu su zama irin waɗanda malamin makaranta da ɗan acaɓa za su iya saye. Ƙaton ya zama ƙari.

In za ka yi ƙato, ka nemi mai shi tun kafin ka fara. Ka yi magana da alhajin ko dillalinsa, in ya yiwu ya ba da kafin alƙalami. Toyota ma sai da ta buɗe rajistar masu so kafin ta fara ƙera LFA, amma duk da haka wasu suka kwana. Ina ga kai da ba ka tambayi kowa ba?

Ka san adadin da dabbar ta tsaya maka, ka rubuta. Wanda bai san uwar kuɗinsa ba, bai san ranar da ya kamata ya ce na sallama ba.

Ka yanka wa kanka rana. Ka ce in ana saura kwana uku ba a kai abin da nake so ba, duk tayin da ya haura uwar kuɗi zan karɓa. Ragin da ka yi da bakinka kafin Sallah ya fi wanda mahauci zai yi maka bayanta sauƙi.

Wannan bai tsaya ga dabba ba. Mai shigo da shadda mai tsada, mai babur babba, mai wayar hannu ta manya, duk hukuncinsu ɗaya. Kayan sama riba mai kauri gare shi in ya tafi, amma a hankali yake tafiya, kuma sai mai jarin da zai iya jira.

Shi malamin Gashiga mun tambaye shi yadda ya ƙare da ragon. Ya ce bayan wata biyu aka yi haihuwa a unguwarsu, ya sayar da shi na suna, ya fita da uwar kuɗinsa da ƙyar. Bana, in ji shi, shida zai turka, duka matsakaita.

A shiri na gaba za mu duba takardun allurar dabbobi da ake nema a bakin iyaka, da abin da ya kamata ka riƙe kafin ka isa wurin duwan. Mai tambaya ya aiko ta hanyar da aka saba. Allah ya ba da kasuwa mai albarka, ya tsare garke, ya kai kowa gida lafiya.