Dodon koɗin Tiga: Abin da ɗakin bincike ya sani, yaran bakin ruwa ba su sani ba

Da rana tsaka, lokacin da yaran ƙauyukan Rano ke tsunduma cikin magudanan ruwan da ke fitowa daga madatsar Tiga, a lokacin ne ƙwayar cutar tsargiya ta fi yawo a ruwa.

An gina madatsar tsakanin 1971 da 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Ita ke shayar da gonakin rani na Kura, Bunkure da Garun Malam. Sai dai ruwa mai tafiya a hankali, mai ciyayi a gefe, shi ne gidan wani ɗan ƙaramin dodon koɗi da ke rainon cutar. Haka ma kududdufan damina irin na Kibiya.

Masu nazarin halittun ruwa, ciki har da na Jami'ar Bayero, sun daɗe suna bincike a wannan yanki. Aikin na buƙatar haƙuri. Ɗalibi zai sa dogon takalmin roba da safar hannu, ya yi ta yasar dodon koɗi da rariya. A ɗakin bincike, sai a saka kowanne cikin ƙaramin kofin ruwa, a haska masa fitila. Bayan 'yan sa'o'i, idan yana ɗauke da cutar, za a ga tsutsotsi masu wutsiya biyu suna iyo a ƙarƙashin na'urar ƙara girman abu.

Waɗannan tsutsotsi ta fata suke shiga, ko yaro bai sha ruwan ba. Idan mai cutar ya yi fitsari a ruwa, ƙwayayen su ƙyanƙyashe, su koma cikin dodon koɗi, abin ya sake zagayowa.

Har yanzu akwai iyayen da ke ɗaukar fitsarin jini a matsayin alamar balaga. Alhali idan aka bar shi, yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa, praziquantel, kyauta ake raba shi a makarantu.

Giɓin shi ne, sakamakon bincike kan ƙare a kundin digiri da Turanci. Kai na'urar makarantar firamare kuwa ba ya cin kuɗi da yawa, haka ma wasan kwaikwayo a dandali, ko zama da sarkin ruwa da masunta. Gani ya kori ji: yaron da ya ga tsutsar da idonsa zai kai labarin gida da kansa.