Tsufa da riƙon fitsari: wani awo a ƙasar Turkiyya

Tsofaffi da yawa fitsari yakan kuɓuce musu idan sun yi tari, ko atishawa, ko dariya. Kunya takan hana su faɗa. Wasu har sukan daina fita cikin jama'a.

A shekarar 2008, masana a ƙasar Kanada suka tsara tambayoyi domin auna yadda tsoho ya amince da kansa wajen riƙe fitsari. Daga baya aka juya su cikin Turkanci, aka gwada su ga tsofaffin Turkiyya.

Tambayoyin guda 12 ne. Ana tambayar mutum, misali, ko zai iya riƙewa da dare har ya kai makewayi. Shi ne zai ba kansa maki, daga 0 zuwa 10, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Ta haka likita ke gane inda matsala take. Sai ya koya masa matse naman da ke riƙe fitsari, yana saki, kullum. Bayan makonni a sake awo.

Mu sani, wannan lalura tana da magani. Kada mu bar iyayenmu su ɓoye ta.