Ƙwalamar Yara Wadda Ba Za Ta Ƙara Wa Uwargida Ƙiba Ba



Kwanakin baya wata maƙwabciyata ta shigo mini tana ƙorafi, ta ce wata uku ke nan ta rage cin tuwon dare, ta daina zuba sikari a shayi, kullum bayan sallar asuba sai ta zagaya tsakar gida sau da yawa, amma har yau tumbin nan yana nan daram. Da yamma na bi ta gidanta, muna cikin hira sai ga yara sun dawo daga Islamiyya. Ta jawo robar cincin ta zuba musu, ita ma ta ɗan dumbuza ta watsa a baki. Autan ya sha rabin lemon kwalba ya ajiye, ta ɗauka ta shanye, wai kada a yi almubazzaranci. Na ce mata, "Hajiya, ai ɓarawon da kike nema a waje ga shi nan cikin ɗakinki."

Wannan matsala ta mata da yawa ce. Uwa takan iya danne zuciyarta a kan kwanon abincinta, amma ba ta lissafa abin da take tsinta daga hannun yara. Mafita kuwa ba ita ce a hana yara ƙwalama ba, domin cikin yaro ƙarami ne, yana girma, yana guje-guje, dole ya buƙaci abin taɓawa tsakanin abinci da abinci. Mafita ita ce ki cika gidanki da irin ƙwalamar da ko kin kai hannu kin ci ba za ta cuce ki ba.

Ina matsalar take?

Tana cikin abu biyu, sikari da mai. A shekarar 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa sikarin da ake ƙarawa a abinci da abin sha kada ya kai kashi 10 cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, kuma ya fi kyau a sauko da shi ƙasa da kashi 5, wato kimanin cokalin shayi 6 ga babban mutum. To, kwalbar lemo mai zaƙi ɗaya ta santilita 35 takan ɗauki kusan cokali 9. Shi kuwa mai, giram ɗaya nasa yana ba da kalori 9, alhali na sikari ko garin fulawa 4 ne, kuma babban cokali ɗaya na man suya ya kai kalori 120. Cincin da fanke da dubulan sun haɗa fulawa da sikari da mai wuri guda, ga shi ba sa riƙe ciki, shi ya sa hannu ba ya daina komawa.

Abin da za ki ajiye a maimakonsu

Ki fara da kayan marmari na lokacin da ake ciki, domin su ne masu araha: mangwaro da kankana da zafi, gwaiba da lemo da gwanda in lokacinsu ya kama. Ki wanke, ki yayyanka a faranti ki ajiye inda idon yara zai gani, domin yaro yakan fi cin abin da aka yanka masa. A ci su da tsokarsu, kada a matse ruwan kawai, saboda dusar da ke cikinsu ita ke sa ƙoshi. Ki haɗa da karas da kokwamba da yalo.

Dafaffen ƙwai ɗaya kalorinsa bai kai 80 ba, ga shi yana gina jiki, yana kuma riƙe ciki. Haka dafaffiyar gurjiya da gasasshiyar masara da damina, da dankalin Hausa dafaffe, musamman mai jan ciki, wanda ke ɗauke da sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A. Awara ma abinci ce mai kyau, man suyar ne matsalarta. Ki gwada gasa ta a kasko da ɗan shafin mai, ko ki dafa ta da albasa da tattasai. Gugguru in ba a lulluɓe shi da sikari ba ƙwalama ce marar nauyi, kuma kwaɗon zogale ko na rama da ɗan ƙuli-ƙuli ya isa abin taɓawa na la'asar ga kowa da kowa.

Wajen abin sha, ki dama kindirmo da garin kwalba da nono, ko ki dafa zoɓo da citta da ɓawon abarba wankakke, ki riƙa rage sikarin kaɗan-kaɗan kowane mako har bakin yara ya saba. Ki tabbatar madarar da aka yi kindirmon da ita an tafasa ta.

Faranti ɗaya, awo biyu

Akwai abubuwa masu amfani amma masu nauyi, irin su gyaɗa, aya, dabino da fura. Giram 100 na gyaɗa ya haura kalori 550. Yaron da ya wuni yana wasa zai ƙone wannan, ke kuwa da kike son ragewa cikin tafin hannu ɗaya ya ishe ki, dabino kuma biyu ko uku. Ki ɗebi rabonki a ƙaramin kofi ki rufe robar, kada ki zauna da ita a cinya kina kallo ko hira.

Batun ragowa kuwa, gaskiya ne ɓarnar abinci ba halin kirki ba ne, amma maganinta a wajen zubawa yake. Ki zuba wa yaro kaɗan, in ya cinye ki ƙara masa. Abin da ya rage ki rufe masa sai an jima, ko ki miƙa wa mabuƙaci. Cikinki ba kwandon ragowa ba ne. Haka nan kuɗin tara na makaranta, maimakon a ba yaro ya ƙare su a alawa da biskit, ki riƙa ɗaure masa ƙwai da ayaba daga gida.

Hattara

Ke ce mai rage ƙiba, ba yaro ba, don haka kada ki tauye masa abinci ko ki riƙa yi masa gorin jiki. Kada a ba yaron da bai kai shekara 5 ba gyaɗa ko aya ko gugguru a ƙwayarsu, domin suna iya shaƙe shi. A niƙa masa gyaɗar a kunu. Jaririn da bai cika shekara ɗaya ba ba a ba shi zuma. Gyaɗar da ta yi fumfuna ko ɗaci a zubar, tana iya ɗaukar guba mai illa ga hanta. Mai juna biyu da mai shayarwa da mai ciwon sukari su fara neman shawarar likita kafin su sauya cimarsu.

Maƙwabciyar tawa ba ta kori cincin daga gidanta ba, ta mayar da shi na ranar Juma'a da na salla da zuwan baƙi. Satin farko yara sun yi tutsu, yanzu kuwa su ke tambayar ina kankana. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma abin da yaro ya ga uwarsa na ci shi zai tashi yana so.

Allah Ya ba mu lafiya mai amfani, Ya raya mana zuriya cikin albarka. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.