Shin Sifikar Ɗakinka Na Buƙatar Amfilifaya Ta Daban?

Wata al'ada ta shigo cikin samarinmu na zango, daga Nima da Mamobi har Sabon Zango, wato da zarar yaro ya kama ɗaki ya sayi sifikoki biyu, sai abokai su fara zuga shi cewa kayan nan ba za su buga ba sai ya ƙara musu amfilifaya ta daban, wadda masu sana'ar ke kira fawa. A zaman da nake yi da matasa na ga wanda ya kwashe kuɗin susunsa kaf ya zuba a wannan ƙarfe, alhali mai gida na binsa kuɗin haya. Ra'ayina shi ne mafi yawan ɗakunanmu ba sa buƙatarta.

Da farko duba bayan sifikar. Idan tana da wayar wuta tata da ake sokawa a bango, ko tana da batir kamar masu Bluetooth ɗin nan, to amfilifayarta na cikinta, magana ta ƙare. Wadda ba ta da komai sai ramuka biyu, ja da baƙi, ita ce ke jiran a tura mata ƙarfi daga waje. Ita ma ɗin, rediyon da aka sayo su tare yana ɗauke da amfilifaya a cikinsa. Ashe tambayar ita ce ko ta cikin ta gaza.

A nan lissafi ke ba mutane mamaki. A jikin sifika ko takardarta akan rubuta yawan ƙarar da take fitarwa idan an ba ta wat 1 kacal, mutum na tsaye mita 1 daga gabanta. Sifikokin gida da yawa suna tsakanin desibel 85 da 90. Mu ɗauki mai 88. Wat 10 zai kai ta 98, wat 100 kuma 108. Duk lokacin da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙaru da shi, kuma kafin kunne ya ji ƙara ta ninka sai an ninka wat kusan sau 10. Saboda haka wanda ya bar rediyo mai wat 50 ya sayo fawa mai wat 100, ɗan abin da ya samu bai taka kara ya karya ba. A ɗaki ciki da falo irin namu, 'yan wat ƙalilan sun isa su hana maƙwabci barci. Ga shi ma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da kunnen babba zai jure ba tare da lahani ba shi ne desibel 80 na awa 40 a mako, kuma da ƙara ta haura lokacin ke raguwa da sauri.

Kada kuma manyan lambobin kwali su ruɗe ka. Wat dubu kaza da aka rubuta PMPO a gefensa talla ce kawai. Wanda aka rubuta RMS shi ne na aiki.

To yaushe fawa ke da amfani? Idan sifikar mai om 4 ce, rediyon kuma an rubuta masa om 8, za ka ga yana zafi kamar dutsen guga ko yana ɗaukewa da kansa. Haka nan idan ka murɗa ƙara muryar ta fara karcewa tana tsatsa, alamar amfilifayar ta kai maƙura ke nan, kuma wannan karcewar ce ke ƙona ƙaramar sifikar sama mai siririyar murya, wato tuwita. Sai kuma aikin fili, kamar biki ko suna ko Maulidi, inda babu bangon da zai maido da sauti. Wannan kuwa haya ta fi saye sauƙi.

Wani abin da samari ke yi shi ne jona sifikoki biyu a rami ɗaya. Biyu masu om 8 sun koma 4, biyu masu om 4 sun koma 2, daga nan sai warin ƙonewa da tafiya wurin mai gyara.

Wanda ya ga lallai sai ya saya, ya tabbatar rediyonsa na da ramin da aka rubuta Pre Out, domin ta nan ake jona fawa. Kada a kuskura a ɗauko waya daga ramin sifika a soka mata. Sannan a kula da kayan gwanjo: wutar Gana bolt 230 ce, ta Amurka 120, don haka wadda ɗan'uwa ya aiko daga Bronx sai da taransifoma, in ba mai makunnin canja wuta a baya ba ce. Kafin ka miƙa ko sidi ɗaya, roƙi mai shago ya jona ta da irin sifikarka, ka saurara a daidai ƙarar da kake ji a ɗaki, sannan a mayar da rediyon shi kaɗai ka sake saurare.