Gatarin Kakana da Ƙuri'ar Sayyidi

Cikin azumin 2023, saura 'yan kwanaki yaƙi ya ɓarke a Hartum, wani abokina Bakano da muka yi karatu tare ya bugo mini waya bayan asham. Da muka gama gaisawa sai ya ce, "Malam, ka ji abin mamaki? Can kudancin Najeriya wani fasto mai otal ya ci gwamna." Umo Eno yake nufi, na jihar Akwa Ibom, wanda ya kafa otal ɗin Royalty a garin Eket, yake kuma da cocin kansa. Gwamna Udom Emmanuel ya fara ba shi kwamishinan ƙasa da ruwa, daga baya ya ɗaga hannunsa a kan shi ne magaji, PDP ta tsayar da shi, ya lashe zaɓen watan Maris. Abin da ya ɗaure wa abokina kai shi ne yadda mutum ɗaya zai haɗa mumbari da lalita da kujera. Na ce masa, "Alhaji, ai mu nan bakin Nilu mun riga ku gani da shekara ɗari. Namu dai ba fasto ba ne, ɗan Mahadi ne, kuma gatarin kakana yana cikin abin da ya gina shi."

Makwar sunan ƙauyen da Turawan Ingila suka zaɓa don datse Bahar Azrak, wato Shuɗin Nilu. Taswirar yau Sinnar take cewa, amma tsofaffinmu har suka koma ga Allah Makwar suke kira. An ɗauko aikin madatsar, wadda muke ce wa hazzan, gab da yaƙin duniya na farko, yaƙi ya tsayar da shi, aka koma, aka gama a 1925. Tsawonta ya ɗan haura kilomita uku, da duwatsun Sagadi aka gina ta, kuma ruwan da ta tare shi ya raya gandun audugar Jazira. Injunan wancan zamani itace suke ci, ba dare ba rana. Cikin waɗanda gwamnati ta ba kwangilar kawo itacen akwai Sayyid Abdurrahman.

Duk wanda ya gan shi a 1900 ba zai ce wannan yaro zai yi arziki ba. An haife shi a Omdurman a 1885, mahaifinsa Mahadi ya riga ya rasu. Bayan Turawa sun rushe daular Mahadi a 1898, a shekarar da ta biyo suka afka wa ƙauyen Shukkaba, kudu da Wad Madani, suka kashe Halifa Muhammad Sharif da yayyen yaron biyu, Fadil da Bushra. Shi ma an ji masa rauni. Ya tashi ana sa masa ido, an hana shi kiran kansa imami, an hana mabiya taruwa su karanta Ratibin mahaifinsa, ana ba shi fam biyar a wata ya ci abinci. A 1908 aka yarje masa ya yi noma a tsibirin Aba da ke Bahar Abyad, wato Farin Nilu, inda mahaifinsa ya fara kira. Turawa sun ɗauka in suka shagaltar da shi da garma zai manta da tuta.

Yaƙin duniya ne ya buɗe masa ƙofa. Da Sarkin Turkiyya ya kira jihadi a kan Ingila, Turawan Hartum suka tuna cewa Ansar, mabiyan Mahadi, ba su taɓa son Turkawa ba, suka sake shi ya zagaya Jazira yana kwantar da hankalin mutane. Ya kwantar, ya kuma yi amfani da zagayen ya naɗa wakilai gari gari. A 1919 yana cikin tawagar da ta je Landan taya Sarki Joji na Biyar murnar nasara, ya miƙa masa takobin mahaifinsa, Sarkin ya mayar masa. A 1926 suka ba shi lambar girma ta Sir. Har yau in aka taɓo zancen takobin nan a majalisar dattawa sai murya ta tashi: wasu su ce wulaƙanci ne, wasu su ce dabarar wanda ya ga gawar yayyensa yana yaro ce. Ni ina tare da na biyun, ko da yake ba da zuciya ɗaya ba.

Kakana yana ƙaramin yaro aka taho da shi cikin ayarin da ya biyo Muhammadu Bello Mai Wurno bayan an kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903. Suka sauka Shehu Talha a bakin kogi, daga baya aka haye aka kafa garin Mai Wurno, kudu da Makwar kaɗan. Turawa sun fi son duk Batakure mai tahowa daga yamma ya zauna ƙarƙashin Mai Wurno ya yi musu aikin gona da ya wuce Aba, don tsoron Mahadiyyar mutanenmu bai taɓa barinsu ba. Suna sane da Shehu Hayatu, jikan Sarkin Musulmi Bello, wanda ya yi wa Mahadi mubaya'a daga nesa. Ɗansa Sa'idu ma a 1923 suka kama shi a Dumbulwa ta ƙasar Fika suka kai Buea a Kamaru. Duk da haka samari suna sulalewa. Kakana ya sulale yana da shekara ashirin da 'yan kai, da gatari da buta da ɗan allonsa, ya shiga cikin masu sarar itacen Sayyidi, daga nan ya wuce Aba ya yi damina huɗu.

Masu tarihi sun rubuta yadda gandun Aba ya tashi. Dubban mabiya daga Darfur da Kurdufan da ƙasashenmu na yamma suna share daji, suna haƙa magudanan ruwa, suna tsinkar auduga, akasarin ladan kuwa abinci ne da sutura da makwanci da albarka. Kakana bai taɓa ganin an ƙware shi ba. Ina zaune ina yaro mahaifina ya taɓa tambayarsa, "Baba, wai nawa ake ba ku a wata?" Tsoho ya dube shi kamar ya yi saɓo, ya ce, "Kai in ka yi nafila wa kake kai wa lissafi?" Ya ce a Aba ya fara cin abinci sau uku a rana, a Aba aka yi masa aure ba da sisinsa ba, a Aba kuma ba wanda ya taɓa ce masa Fallata da sigar zagi. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne ga wanda ya san zaman kambo, bukkokin 'yan ƙwadago da ke rakuɓe a gefen tura'a, wato magudanar ruwa, inda mutum zai shekara talatin yana tsinkar audugar wani bai mallaki hawasha, wato gonar kansa, ko taki ɗaya ba.

Amma ni da na yi boko na riƙe alƙalami, lissafin da tsoho ya ƙi yi shi ke hana ni barci. Manomin da ke cikin tsarin Jazira kashi arba'in cikin ɗari na ribar auduga yake samu, ragowar gwamnati da kamfanin Turawa su raba, a cikin nasa kason kuma yake biyan 'yan ƙwadago. Mai gonar da ma'aikatansa ke ganin aikin ibada ne ya tsallake mafi nauyin wannan kashe kuɗi. Da haka gonaki suka yaɗu a bakin Bahar Abyad da injunan ban ruwa, aka kafa Da'iratul Mahadi mai kula da dukiyar, ya zama cikin manyan attajiran Sudan. In maigidanka a gona shi ne jagoranka a lahira, wurin wa za ka kai ƙara ran da ciki bai cika ba?

Kuɗin auduga bai kwanta a akwati ba. Yana cikin masu jaridar Hadaratus Sudan, a 1935 kuma ya kafa tasa, An-Nil. Ya buɗe wa 'yan boko ƙofar gidansa, yana ba makarantu gudummawa, yana karɓar sarakunan ƙabilu da yanka da kyauta. A 1945 aka kafa jam'iyyar Umma da kiran a bar wa 'yan Sudan ƙasarsu, shi ne uban tafiyar, shi ne kuma aljihunta, Abdullahi Halil yana sakatare. Da aka ji Masar da Ingila suna ƙulla yarjejeniyar da za ta sa Sudan ƙarƙashin rawanin Sarki Faruƙ, a 1946 ya tashi takanas ya je Landan ya ga Firaminista Attlee. Sunansa bai taɓa hawa takardar ƙuri'a ba. Kujerar da ake cewa yana hange ta fi ta majalisa, sarautar ƙasar ce ɗungurungum, kuma wannan raɗe-raɗi ya bi shi kamar inuwa har sai da ya fito a 1953 ya ce jamhuriya yake goyon baya.

Bai hana shi shan kaye ba. A zaɓen ƙarshen 1953 jam'iyyar Isma'il Azhari ta kwashi kujeru 51 cikin 97, Umma ta tsira da 22. Mutanen bakin kogi na arewa ba su manta da zafin mulkin Halifa Abdullahi, magajin Mahadi, ba, ɗariƙar Hatmiyya ta Sayyid Ali Mirgani ta juya masa baya, Masar ta zuba kuɗi, ga kuma tabon abota da Turawa. Auduga ta sayi motoci da lasifika, ta kasa sayen mantuwa. Sai dai abin da ya nema ya tabbata ta hannun abokin hamayya: Azhari ya watsar da zancen haɗewa da Masar, aka ɗaga tuta ran 1 ga Janairu 1956. Cikin 'yan watanni Sayyidan biyu suka haɗa kai aka kayar da Azhari, Abdullahi Halil ya hau. A zaɓen 1958 Umma ta zo ta ɗaya da kujeru 63, cikin Nuwamba soja suka karɓa, Sayyidi ya rasu a Maris 1959.

Mu kuwa ƙuri'a sai mai jinsiyya, takardar zama ɗan ƙasa, kuma dokar lokacin tana neman shaidar cewa kakanninka suna nan tun kafin shigowar Turawa. Wanda ya iso a 1906 ya makara da 'yan shekaru. Ta gidanmu ta fito gab da wani zaɓe, ta hannun wani wakilin jam'iyya da ya san yawan mazan da ke gidan.

Faston gaske a siyasar Sudan na gan shi da idona, amma shi ba shi da gona ko otal. Ina ɗalibi a Hartum a 1986 na bi wani abokina Banube zuwa Haj Yusuf, muka tsaya cikin rana muna sauraren Abuna Filib Abbas Gabbush, limamin cocin Angilika, haifaffen Omdurman ɗan asalin duwatsun Nuba. Tun 1965 ya shiga majalisa da ƙungiyar mutanensa, babban kukansu kuwa digniyya, harajin kai da aka samo sunansa daga gemu. Ya yi gudun hijira a 1969, aka yanke masa hukuncin kisa a bayan idonsa, ya dawo a 1978, Shugaba Numairi ya kama shi a 1984 kan zargin juyin mulki sannan ya yi masa afuwa. Ranar nan ban ji ya yi wa kowa alkawarin aljanna ba. Zancensa kasha ne, wato kamen da ake yi wa baƙaƙen talakawa a titunan babban birni a loda su a mota a mayar da su ƙauye. Na san kasha, an taɓa loda ɗan maƙwabcinmu mai sayar da agashe. Ya ci kujerar Haj Yusuf, jam'iyyarsa ta samu takwas. Umma ta samu kimanin ɗari, Sadiƙ jikan Sayyidi ya zama Firaminista karo na biyu.

Da na koma gida na ba mahaifina labari, ya saurara har ƙarshe, ya ce, "Gaskiya ya faɗa." Na ce, "To Baba, wa ka jefa wa?" Ya ce, "Gidan da ya yi wa ubana aure." Wannan kuwa bayan Numairi ya yi wa Aba ruwan wuta a 1970, aka kashe Imam Hadi ɗan Sayyidi a hanyar Habasha, gandun da kakana ya share ya fita hannun gidan Mahadi.

A daminar 2024, da Singa ta faɗa hannun dakarun RSF, muka kulle gida muka yi gabas. Abin da mahaifiyata ta fara ɗauka takardun jinsiyya ne, ta naɗe su cikin leda ta ɗaura a ƙugu, sannan tsohon Ratibin kakana mai bangon fata. Bayan shekara guda ina Gadarif abokina ya sake bugowa, ya ce faston nan nasu ya bar PDP ya koma APC. Muka yi dariya. Sai ya ce, "Malam, gatarin nan fa?" Na ce, "Yana can bayan ƙofar ɗakin tsoho, Alhaji, in ƙofar tana nan."